Katin da Ba Suna

A shekarun da kuɗi suka shigo Abuja, har kujerun ofishinmu sai da aka sake. Ana cikin haka aka kwashe tsofaffin kwamfutocinmu, aka kawo wasu farare sirara. Tsarinsu daban ne da na tsofaffin, abin da ke cikin waccan ba ya buɗewa a wannan sai an juya shi. Ni dai ban roƙi kowa sabuwa ba.

Mai juyawar wani magidanci ne ɗan Kwali, mai haƙuri kamar ba ya da jini a jika. Ya kwashe wasiƙuna da adiresoshin mutanena, ya zuba su a sabuwar, ya ce, "Hajiya, komai ya shiga. Email da suka shigo bana kawai na sa maka, sauran ya yi nauyi." Na yi godiya, aka tafi da tsohuwar sito.

Ɗana na fari yana ƙasar waje a lokacin. Ya tafi karatu, suka saɓa da babansa, ya sake lambar waya, ya yi shiru. Abin da ya rage tsakanina da shi adireshin imel ɗaya ne, wanda ya rubuto mini da shi tun kafin bana. Nakan aika masa gaisuwa, yakan amsa in ya ga dama, bana kuwa bai ga dama ba tukuna.

Kuma ni, yadda aka rene ni, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ban taɓa faɗarsa ba, ban taɓa rubuta shi ba. Da na adana adireshin, sai na bar gurbin suna fayau. Ai na san katin adireshin nasa, shi ne a can saman jerin, babu komai a goshinsa.

Ranar Juma'a na buɗe sabuwar zan gaishe shi. Babu katin. Na duba sama, na duba ƙasa. Ga darakta, ga tela, ga mai kawo mana doya daga Orozo, kowa ya haye lafiya, ban da ɗana.

Na kira mutumin Kwali a waya. Ya ce sabon tsarin ba ya karɓar kati marar suna, yana ɗauka shara ce ya zubar. Shara! Ban san sanda na daka masa tsawa ba, bawan Allah da ba shi ya ƙera ta ba.

Ya sauka sito da kansa, ya kira ni daga can. An riga an goge adiresoshin tsohuwar, amma tsofaffin wasiƙu suna nan jibge, ba iyaka.

"Hajiya, faɗa mini sunan yaron, in yi searching."

Na waiwaya. Abokan aikina duk sun kasa kunne.

"Hajiya, kana ji na? Yau za a goge sauran."

Sai na faɗa. Sunan ya fito daga bakina kamar na baƙo, har wata 'yar Katsina da ke kusa da ni ta dafe ƙirji. Kunya ta rufe ni, ga tsoro.

Ya samo adireshin. Da na zo adanawa, na cike gurbin da yatsuna, harafi bayan harafi. Tunda har sunan ya fita, sai na buɗe wasiƙar da shi, na ce ina gaisuwa.

Yaron da kan yi watanni bai amsa ba, kafin la'asar ya kira ni a waya.

"Umma, wa ya rasu? Na ga kin kira sunana."