Jajen Motar Baba

Na dawo hutu daga kwalejin horon malamai na tarar da takalma jibge a ƙofar zaurenmu, har na ɗauka mutuwa aka yi. Na ajiye akwatina na tsaya ina duban takalman, ko zan gane na dangi. Ƙanwata ce ta leƙo ta ce mini ba wanda ya mutu, motar Baba aka sace, jaje ake yi.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama ce. Motar tsohuwar akori-kura ce mai ruwan toka, da ita Baba yake kwaso doya daga Mashegu da dawa daga Ibeto ya kawo kasuwar Kontagora. Batirinta ya daɗe da mutuwa, Baba kuma ya ƙi sayen sabo, yana cewa unguwa cike take da maza. Makullin ma ya karye a ciki, sai dai a haɗa waɗansu wayoyi biyu a ƙarƙashin sitiyari. Kullum da safe direba zai shiga ya haɗa wayoyin, ya leƙo ta taga ya ce, "A taimaka da turi," sai mazan da ke zaune a dakalin tela su miƙe su dafa bayanta. A garinmu a lokacin, namiji ba ya ganin ana tura mota ya wuce. Kuma ba a tambayar ta wa ce ko ina za ta. Dafawa kawai ake yi, in ta tashi a kaɗe hannu a koma hira.

Direban mutumin Dukku ne, wadda ke arewa da Kontagora, Kirista, Hausarsa tana fita da nauyi, kuma tun ina firamare yake tare da Baba. Bai cika magana ba, ni ma haka, saboda haka muka saba. Kafin satar ya nemi izini ya tafi gida domin matarsa ta haihu, Baba da kansa ya sallame shi. Ranar da abin ya faru Baba ya bi wata babbar mota zuwa Ibeto. Da ya dawo da yamma babu komai a gindin katanga sai tabon baƙin mai.

Tun da na iso aka ɗora mini hidimar zaure, ni ne mai shigo da kwanuka da fitar da su. Ban taɓa ƙyamar ɗaki kamar yadda na ƙyamaci zauren nan a makon ba. Warin gumi da na taba gari ya kama tabarmi. Kusurwar da nake zama in yi karatu ta koma ja da tofin goro, wani a ƙasa, wani yana gangarowa daga bango. A cikin gida Inna tana ta ɗora tukunya kamar ana biki. Masu jajen na gaskiya sukan zo su yi addu'a su tashi. Amma akwai waɗanda ba sa fashi: tela, da mahaucin bakin titi, da mai gyaran keke, da wani tsohon masinja da ya yi ritaya. Sun san lokacin da ake sauke tuwo, kuma ba su taɓa makara ba.

In baƙo ya tambayi yadda aka yi, amsarsu ɗaya ce: su dai sun ga wucewarta. Daga nan sai a shiga lissafin wanda zai iya.

"Alhaji, ɓarawon nan na gida ne," in ji mahauci, yana suɗe yatsa. "Wa ya san sirrin wayoyin nan?"

Duk unguwar ta sani. Har yaran da ke wasa a kwata sun sani.

Tela ya ce, "Kuma a ce matar mutum ta tashi haihuwa daidai wannan lokaci."

"Haihuwar ma wa ya gani?" in ji tsohon masinja. "Ni na yi aiki da hukuma, na san irinsu. Sai su yi shekaru suna yi maka ladabi."

Baba ba ya cewa e, ba ya cewa a'a, sai jan carbi. Washegari mai gyaran keke ya kawo wani mai duba, dogo, mai mura. Ya baza yashi a faifai, yana zane da yatsa yana share hanci da bayan hannun da yake zanen. Ya daɗe yana kallon yashin, sannan ya ce wanda ya ɗauki motar ya ci tuwon gidan nan, kuma ba ya fuskantar alƙibla. Kafin ya zauna na ji mai gyaran keke yana yi masa raɗa a ƙofa. Mai duban ya cinye kwanon da aka ba shi, ya nemi ƙari.

A madafa na sami Inna tana kwashe tuwo, na tsuguna ina jera kwanuka. Ban tambaye ta komai ba, ita ce ta fara, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ranar tana tsakar gida tana tankaɗe, bayan azahar, ta ji komai ta bayan katanga. Wani baƙo ya zo, ya yi sallama ga mutanen dakali, ya ce shi makanike ne, Alhaji ya aiko shi ya kai motar gareji, a taimaka da turi. Suka tura, ta ƙi tashi. Suka maido ta baya suka sake. Ta ji muryar tela yana cewa a sa mata giya biyu. Har ruwa baƙon ya roƙa, aka ɗebo masa a randar masallaci.

"Ni ma na ɗauka babanku ne ya aiko shi," in ji Inna. "Kai dai ka kama bakinka. Maganar maza ce, su suka san abin da suke yi."

Na fita na tsaya a inda motar take kwana. Da can a kan gangare ake ajiye ta, inda mutum ɗaya zai saki birki ta mirgina da kanta. Amma tun da ruwan damina ya cinye gangaren aka koma ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, jikin katanga, dab da dakalin tela. Daga nan ba mai motsa ta shi kaɗai.

Na yi kwanaki ina juya maganar kafin in iya tunkarar Baba. Na same shi bayan la'asar a turakarsa, na durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, motar nan ba ta tashi sai an tura."

"Kana tsammanin ban san motata ba?"

Ya ajiye carbin ya dube ni.

"Na sani tun ranar. Da mutanen nan nake tsayawa sahu ɗaya. Su ne za su ɗauke ni ran da na mutu. In na tambaye su wa ya tura, na kunyata unguwa gaba ɗaya, kuma motar ba za ta dawo ba. Direba baƙo ne. A kai shi gaban alƙali ya rantse, a sake shi, magana ta mutu."

"In ba a sake shi ba fa?"

"Tashi ka kai wa baƙi ruwa."

Na tashi. Abin da na ji a ƙirjina irin wanda mutum kan ji ne in ya kai loma baki ya tarar da gashi a ciki. Da ma rashin sani ne, da na iya yi masa uzuri.

Direba bai jira an aika masa ba. Labari ya same shi a Dukku, ya biyo motar kasuwa ya iso da hantsi, riƙe da zabo ɗaure da igiya, na jaje. Ya yi sallama ya gaida Baba, ya ce, "Maigida, ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya mayar da alheri." Ba wanda ya matsa masa a tabarma. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, zabon yana ta fuffuka a gefensa.

Tsohon masinja ne ya fara yi masa tambayoyi, yana miƙe da ƙafa kamar alƙali. Yaushe ya bar gari, wace mota ya shiga, wa ya gan shi a Dukku, yana da abokai makanikai ko ba shi da su. Direba yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, bai gane inda aka dosa ba. Sai da tela ya ce, "To wa ka koya wa haɗa wayoyin nan?" na ga fuskarsa ta sauya. Ya juya ya kalli Baba. Baba yana kallon tabarma.

"Ni a ganina, Alhaji, gobe a kai shi gaban alƙali," in ji masinja. "In da gaskiyarsa ai ba abin tsoro."

Ina tsakiyar zauren a lokacin, na tara kwanuka a hannu har haɓa. Ni mutum ne da ko a aji in malami ya kira sunana sai muryata ta shige ciki. Na ce, "Su wa suka tura ta?" Ba wanda ya ji sai mahauci, da yake kusa da ni.

"Me ɗan boko yake cewa?"

Na ce, "Motar ba ta tashi sai an tura. Direba yana Dukku. Na ce su wa suka tura ta."

Na ɗauka za a yi mini tsawa, ko wani ya tashi ya fita don kunya. Sai mahauci ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa.

"Wallahi har yau bayana bai daina ciwo ba," in ji shi. "Motar nan nauyi gare ta kamar bijimi."

Shi ke nan, kamar an ɓalle bakin buhu. Mai gyaran keke ya ce shi ne ya cire dutsen da ke gaban taya. Tela ya ce ba don shi ba da har yanzu tana nan, domin giya ɗaya mutumin yake ta sakawa, shi ya ce masa ya sa biyu. Masinja ya ce shi bai tura ba, tsayawa kawai ya yi yana kore awaki daga hanya. Mahauci ya kwaikwayi yadda ɓarawon ya fito da hannu ta taga yana cewa Allah ya saka da alheri, su kuma suka amsa da amin. Suna dariya suna tafa hannu, tela har da share hawaye da bakin riga, ɓarɓashin goro yana fita daga bakinsa. Mutumin da suke shirin kaiwa gaban alƙali yana zaune kusa da takalmansu, ba wanda ya dube shi.

Da dariyar ta lafa Baba ya ce, "A bar maganar alƙali. Ƙaddara ce." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Daga ranar jaje ya ƙare. Motar ba ta dawo ba. An kai rahoto tun farko, an yi cigiya a tashoshi, wani ya ce ya ga mai kama da ita a hanyar kudu an sake mata fenti, wani ya ce an riga an wargaza ta an sayar da kayan. Baba ya koma biyan kuɗin buhu a manyan motoci kamar sauran 'yan kasuwa. Ya ce wa direba ya zauna ya riƙa taya shi lodi kafin Allah ya hore wata. Direba ya yi godiya, ya ce gona tana jiransa. Na raka shi tasha ina riƙe da ƙunshin kayansa. Bai yi maganar kowa ba. Da zai hau mota ya ce, "Malam ƙarami, ka yi karatu da kyau," ya karɓi ƙunshin. Bai sake zuwa gidanmu ba.

Da na dawo daga tasha Baba ya kira ni. Ya ce na yi wa manya rashin kunya a zaurensa, in bi su ɗaya-ɗaya in ba su haƙuri. Na je. Tela ya ce ba komai ba tare da ya ɗaga kai daga keken ɗinki ba. Masinja ya tsayar da ni a rana ya yi mini doguwar nasiha a kan abin da boko ke yi wa tarbiyyar yara. Na bar mahauci a ƙarshe.

Na same shi a rumfarsa yana kora ƙudaje da tsumma. Na durƙusa na faɗi abin da aka aiko ni in faɗa. Ya yi dariya ya ce ai ni ɗansa ne, ya yanko guntun hanta ya naɗe a takardar siminti ya danƙa mini a hannu. Jinin ya ɓullo ta takardar ya jiƙa mini tafi. Sannan ya sunkuyo kusa da kunnena, numfashinsa yana warin ɗanyen nama.

"Ka gaya wa Alhaji ya yi dabara da ya rabu da shi," in ji shi. "Direban nan, ni har yanzu ban yarda da shi ba."