Gangaren Tsakar Gidanmu

Ina aji biyar na sakandare a Bodinga aka yanke shawarar zuba siminti a tsakar gidanmu kafin damina. Na yi murna, don ni ce mai shara. Sai ga Baffa, yayan mahaifinmu, ya taso daga Shagari wai zai tsaya a kan aikin. Ba wanda ya kira shi. Labari kawai ya ji, ya hau mota da butarsa da sandarsa.

Baffa manomin albasa ne. Ya shekara arba'in yana jan ruwa a lambu, har ya ɗauka ruwa na jin maganarsa. Ba ya awo. Ido ɗaya yake rufewa, ya karkata hula, ya ce wa magini a ƙara ƙasa can, a rage nan. Maginin ya so ya ɗauko tiyon da yake gwada daidaito da shi, Baffa ya tambaye shi ko an haife shi lokacin da ya fara haƙa kwata. Mutumin ya mai da tiyonsa cikin buhu.

A makon nan ne malamin lissafi ya koya mana yadda ake gano gangaren miƙaƙƙen layi. Ɗigo biyu kawai kake bukata. Ka duba bambancin tsayinsu, ka raba da nisan da ke tsakaninsu, shi ke nan ka san ko layin hawa yake ko sauka. Ban ɗauka abin zai bi ni gida ba. Amma da yamma, bayan an daɓe ƙasar ciko, na tsaya na ga kamar ƙofar ɗakin Inna ta yi ƙasa. A ɗakin nake kwana, kuma a kan tabarma, daidai bakin ƙofa. Duk ruwan da zai shiga, ni zai fara gaisarwa.

Na ɗauko rula. Katangarmu ta bulo ce, layukanta a daidaice suke, sai na zaɓi layi ɗaya na riƙa aunawa daga shi zuwa ƙasa. A ƙofar Inna santimita talatin, rula guda cur. A bakin rariya, wato ramin gindin katanga da ruwa ke fita waje, goma sha takwas. Tsakaninsu rula ashirin, mita shida ke nan, kuma a durƙushe na auna su awaki suna kallona. Sha biyu a raba shida, biyu. Duk mita ɗaya ƙasa na hawa santimita biyu zuwa wajen rariya. Na rubuta y = 2x − 30 a bayan littafina, na gwada da shida, ya ba ni daidai. Ruwa ba zai kai rariya ba, sai dai in zai koyi hawan tudu.

Da ni kaɗai ce, da na je na faɗa wa Baffa a wurin. Amma a gidanmu yarinya ba ta tunkarar yayan ubanta da gyara. Inna za ki faɗa wa, Inna ta faɗa wa Baba, Baba ya nemi lokacin da ran yayansa yake fari. Na ce wa Inna Baffa ya juya gangare, ruwa ɗakinmu zai shiga. Ta ce in rage murya. Ita kuma ta ce wa Baba yarinya ta yi ɗan awo, tana ganin ko za a sake dubawa. Baba ya kwana da maganar, ya wuni da ita. Ya je sau biyu, gaisuwa ta cinye lokacin: gida, iyali, lambu, gajiyar mota, ciwon gwiwa. Kafin ya kai ga zancen, magini ya zuba siminti ya shafe, har an kore kaji.

Rana ta uku aka ce Baffa na kirana. Na same shi a kan kujera a inuwa, Baba na tsugune gefensa, Inna na leƙe daga madafa. Na durƙusa na gaishe shi. Fuskarsa cike da fara'a. Ashe abin da ya isa kunnensa shi ne na auna aikinsa da ilimin boko na tarar layin a miƙe yake. Ya sa mini albarka mai tsawo, ya ce ko makaranta ta shaida.

Na yi ƙoƙarin yin shiru. Wallahi na yi, har na ciji leɓe.

"A miƙe yake, Baffa," na ce. "Amma ɗakin Inna ya nufa."

Baba ya sunkuyar da kai kamar ya yar da allura. Daga madafa na ji murfin tukunya ya faɗi.

"Mi kinka ce, ɗiyag ga?"

Na maimaita, na ƙara da biyu a kowace mita, na miƙa masa littafin. Bai karɓa ba. Ya ce shi ba da takarda yake magana da ruwa ba, a kawo bokiti. Na kawo, na juye a tsakiyar fili. Ruwan ko waiwayen rariya bai yi ba. Ya miƙe zuwa ƙofar Inna, ya jiƙa takalman Baba a hanya.

Baffa ya ce da fushi na watsa shi, kuma ruwan da aka watsa da fushi ba a kafa shaida da shi. Ya tashi da kansa, ya ɗauki butarsa, ya yi bisimilla, ya tsiyaya a hankali kamar mai ba jariri magani. Muka tsaya mu huɗu muna kallo. Ruwan ya ɗan taru, ya yi kamar yana tunani, sannan ya bi sawun na farko.

Ya daɗe yana kallon wurin da ido ɗaya. Can ya juya ga Baba.

"Wa ya hwasa rariyag ga a kan tudu?"

Baba ya ce tun zamanin mahaifinsu take nan. Baffa ya yi wa mamacin addu'a, ya ce ai kowa da kuskurensa. Wai gangaren daidai yake, rariyar ce ba ta zauna inda ya kamata ba. Aka sake kiran magini ya huda sabuwa a gefen ɗakin Inna, ya kuma ɗora ɗan tudun siminti mai tsayin yatsa huɗu a bakin ƙofar. Ni kuma aka ce in je in ba Baffa haƙuri. Na tambayi Inna haƙurin me, ta ce in je dai, shi ya sani.

Da damina ta sauka, ruwa ya riƙa taruwa a ƙofarmu, ya daki tudun, ya karkata ya fita. Tabarmata ba ta jiƙe ba ko sau ɗaya. Sai dai Inna ta yi wata biyu tana tuntuɓe da tudun nan duk safiya, kuma duk lokacin da yatsanta ya bugu, sunana take kira.