Gemun Katanga da Na Rina a Hanyar Kafin Hausa

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan wannan tafiya ni ne, Iro Dillali, ba Sale ba. Na san labarin ya riga ni isa majalisarmu ta gindin durumi, kuma an zuba masa gishiri son rai. To ga shi daga bakin mai shi. Bokona a aji huɗu ya tsaya, saboda haka duk wanda ya ga harafi ya karkace, ya miƙe shi da kansa.

Ga wanda bai sani ba, Sale ɗan ƙanwata ne, shi ake kira Katanga. Shekara goma sha tara yana tsaron baya a ƙungiyar ƙwallo ta garinmu Aujara, shekarunsa na haihuwa kuwa talatin da takwas. Bara aka kawo sabon koci, ya zaunar da shi a benci tun farkon kaka har ƙarshenta, sai ka gan shi yana riƙe wa yaran da ya koya wa ɗaurin takalmi ruwan sha. Ana nan sai Alhaji Jauro, mai wata ƙungiya a Kafin Hausa, ya aiko cewa yana son sa. Sale ya mayar da rigarsa mai lamba biyar, ya yi sallama da kowa. Ke nan in Kafin Hausa ta ƙi shi, babu wurin komawa, ƙwallo ta ƙare masa a kan benci.

Ni kuwa shekara arba'in ina dillancin shanu, ban taɓa barin dabba ta shiga kara, wato kasuwar shanu, da shekarunta na gaskiya ba. Saniya in ta manyanta zobba ke fito mata a ƙaho, mai saye ya ƙirga ya san shekarunta. Aikin dillali ya kankare su, ya shafa man gyaɗa, tsohuwa ta koma budurwa. Da na ji za a kai ɗan ƙanwata wata ƙungiya, na ce wannan ai ciniki ne, kuma ba a ciniki a danginmu ba da ni ba.

LITININ: AUJARA ZUWA DUTSE

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame sallar asuba, muka hau babur guda mu uku da mai shi. Sale na rungume da jakar takalmansa, ni ina rungume da Sale. Maiɗakina Hajiya Ladi ta biyo mu har zaure tana cewa, "Malam, rakiya aka ce ka yi, ba magana ba." Na ce mata harkar taransifa, wato sauya wa ɗan ƙwallo ƙungiya, ba ta san kanta ba.

Shida da kwata muna tashar Jahun. Muka sha koko da ƙosai a tsaye, bas ta cika bakwai saura. Direban wani siriri ne mai son surutu. Ya dubi Sale ta madubi ya ce, "Kai, ba Katanga ba ne? Babana yana ba ni labarinka."

Na ce, "Wane babanka? Yayanka dai."

Ya ce, "Babana, Baba. Allah ya jiƙansa."

Motar duk aka yi dariya. Sale ma ya yi, ni ban yi ba.

Gab da Kiyawa akwai shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo, ya haska mu da ido, sai ya washe baki. "Katanga! Har yanzu ana bugawa? Ina firamare nake tsallake katangar makaranta in je kallonka." Ya ɗaga mana hannu muka wuce ko takardun mota bai duba ba. Fasinjoji suka ce albarkacin Sale ne. Ni abin da na gani daban: mutum biyu cikin awa guda sun ƙirga zobban ƙahon hajata. Na dubi gemun Sale, furfura ta cinye rabinsa, ga ta kuma a gefen kunnuwa. Na ce a raina, akwai aiki.

Takwas da rabi muka iso Shuwarin, kasuwa ta fara ci. Na ce wa direba ya dakata in kama ruwa. Ban kama ruwan komai ba, wajen wani mai tebur na nufa na sayi ƙullin rinin gashi guda biyu, mafi araha. Mai tebur ya ce, "Baba, in an shafa a bar shi rabin awa, sannan a wanke da sabulu sosai." Na ce to. A zuciyata na ce, wanda ya biya kuɗi ya sayi baƙi, don me zai wanke shi ya bi kwata?

DUTSE

Tara da 'yan mintoci muka shiga Dutse, duwatsun nan sun fara ɗaukar zafi. Muka hau Keke zuwa ofishin harkar ƙwallo, inda za a buga wa takardar sallamar Sale hatimi. Ma'aikacin mutumin kirki ne. Ya jawo tsohon katin Sale, hotonsa a jiki yana saurayi, wuya kamar na zabo. Na matsa kusa na rage murya na ce, "Ranka ya daɗe, wajen shekarun nan, ba a ɗan yi wa mutum ragi?"

Ya ce, "Baba, nan ba kara ba ce." Ya buga hatimi, ya rubuta talatin da takwas da manyan baƙaƙe.

Muna fita na karɓe takardar na soke ta a aljihun ciki. Sale ya ce, "Kawu, ai ni zan miƙa ta."

Na ce, "Ba a buɗe wa mai saye bakin sa tun bai taya ba. Sai an yi na'am da kai tukuna."

Muka sauka gidan abokina Malam Sabo mai ɗinkin hula, muka ci tuwon dawa miyar kuka da man shanu, muka kwana a shagonsa.

TALATA: DUTSE ZUWA KAFIN HAUSA

Bayan asuba na dama rinin a gwangwanin madara, ƙulli biyun duka. Sale ya ga abin ya ja da baya. "Kawu, don Allah. Alhaji Jauro ya san ni fa. Ya ga wasana."

Na ce, "Daga nesa ya gan ka. Yau kusa zai gan ka. Zauna."

Ɗan ƙanwa ba ya musu da kawunsa, ya zauna. Na shafe gemu, na shafe gashin baki, na bi kai har ƙeya. Da ya bushe, wallahi ni kaina na so in tambaye shi ina babansa. Malam Sabo ya fito da buta ya tsaya yana kallo, ya ce, "Iro, wannan ango za ka kai ko ɗan ƙwallo?" Ya tambaya ko ba za a wanke ba. Na ce rini kamar tsimi ne, daɗewa ke ƙara masa ƙarfi.

Shida da rabi motarmu ta tashi. Muka sake bi ta Kiyawa da Jahun, sannan muka miƙe gabas. A shingen jiya jami'in nan ya leƙo, ya dubi Sale, bai gane shi ba, ya nemi takardun mota. Na zunguri Sale da gwiwar hannu na ce, "Ka gani? Aiki ya ci." Sale ya juya kai yana kallon gonaki.

Tara saura kwata muka sauka Kafin Hausa, garin cike da ɗaliban jami'a da 'yan acaɓa. Mai babur ya kai mu filin da ke bayan gari. Rana ta riga ta buɗe, irin ta bazara mai sa mutum ya ji tausayin jaki.

A FILI

Yara kusan talatin muka tarar suna ɗumama jiki, yawancinsu ɗalibai, babu mai gemun kirki a cikinsu. Kocinsu wani matashi ne mai usur a wuya, bai daɗe da zuwa garin ba. Ya ce Alhaji ya tafi ruga duba shanunsa, yana hanya. Ya dubi Sale sama da ƙasa ya ce, "Alhaji ya ce min wani dattijo zai zo daga Aujara, mai furfura."

Jama'a, a nan ne kunnena na dillali ya cuce ni. A kara, in mai saye ya ce sa ya tsufa, so yake ya karya farashinsa. Na gyara tsayuwa na ce, "Dattijo? Ni ne dattijon, rakiya na yo. Wannan yaro shekararsa ashirin da bakwai, gudu kuwa sai dai barewa ta yi haƙuri."

Sale ya buɗe baki, "Koci, gaskiyar magana..."

Na taka masa ƙafa. A gaban baƙo ba zai ƙaryata ni ba ko za a yanka shi.

Koci ya ce, "To ba shi ba ne ke nan. Amma tunda kun zo daga nesa, ya shiga layin 'yan gwaji." Ya miƙa masa farar riga.

Gwajin kuwa tsere ne, daga wannan raga zuwa waccan, sau shida. Zagayen farko Sale ya zo na tsakiya, na yi kabbara. Na biyu ya zo na ƙarshe. A na huɗu yaran sun dawo suna shan ruwa shi bai kai ragar can ba. Ina jin wani yana cewa, "Barewar Baba ta yi targaɗe." Koci ya zo ya ce min cikin ladabi, "Baba, masu gudu ashirin gare ni, kuma duk sun fi shi. Ku yi haƙuri."

Sai a lokacin na gane ɓarnar da na yi. Na dubi Sale ya dafa gwiwoyi yana haki, shekara goma sha tara na ƙwallo za su ƙare a tseren yara, kuma da hannuna. Na sa hannu a aljihu na taɓa takardar, kunya ta hana ni fito da ita.

Sale ne ya ɗago ya ce, "Koci, ka ba ni minti goma a baya in an fara wasa. In ban yi ba, na tafi." Koci ya ɗaga kafaɗa ya ce ya shiga.

Aka raba yara gida biyu. Sale bai yi gudun taku goma ba. Tsayawa ya yi a tsakiyar baya yana ta magana. "Kai mai jan takalmi, dawo! Lamba uku, kar ka bi shi, zai kawo kansa. Gola, yi magana mana, ba a masallaci kake ba!" Yaron da ya zo na ɗaya a tsere ya taho da ƙwallo kamar iska, sai ya tarar Sale ya riga shi wurin da zai je, ya zare ƙwallon kamar yana karɓar saƙo. Sau uku ana haka. Yaran bayan da ɗazu ke karo da juna suka jeru kamar sahu.

Gumi kuwa ya samu abin da yake nema. Baƙi ya fara gangarowa daga kan Sale, ya bi goshi, ya bi wuya, farar rigar mutane ta koma kamar an goge tukunya da ita. Ya sa hannu ya share fuska, sai ga furfura ta leƙo a haɓa. Wasa ya tsaya, yara suka zube a ƙasa don dariya.

Daidai nan wata tsohuwar mota ta tsaya, wani dogon Bafulatani fari ya fito da sanda. Ya ƙura ido, ya ce, "Katanga! Wa ya yi maka wannan aika-aika?" Yara talatin suka juyo suka dube ni.

Alhaji Jauro ya matso, ya dube ni da kyau. "Ashe kai ne. Ba kai ka taɓa sayar min da wani sa a Gujungu ba, ƙaho sumul yana ƙyalli, muka je gida babu haƙori ko ɗaya a bakinsa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, dillalai suna kama da juna."

Ya yi dariya har ya dogara da sanda. Sannan ya ce, "Malam Iro, mu in za mu ƙetare kogi da garken 'yan maruƙa, tsohuwar saniya muke sawa gaba. Ba ta gudu, amma ta san inda ƙasa take. Yaran nan nawa an ci su a wasa huɗu a jere, duk a mintocin ƙarshe, don babu babba a bayansu. Furfurar nan na aika a kawo min, kai kuma ka bi ta da baƙi." Ya miƙo hannu. "Ina takardarsa?"

Na zaro ta, ta jiƙe da gumina. Ya karanta talatin da takwas ɗin nan da ƙarfi, ya ce, "Madalla." Aka kawo bokiti da sabulu, Sale ya wanke kai a bakin fili, Alhaji da kansa ya ɗaura masa ƙyallen kyaftin a dantse. Ni aka ce in biya wankin riga, na ce a kawo in wanke da hannuna, aka ce a'a, na yi aikin da ya isa haka.

KOMAWA GIDA

Muka ci dambu da fura da nono a gidan Alhaji. Ƙarfe biyu Sale ya raka ni tasha. Na ce, "Ɗana, ka yafe wa kawunka." Ya ce, "Ba komai, Kawu. Amma ran wasanmu na farko, ka zauna cikin 'yan kallo." Biyu da rabi mota ta tashi, huɗu ina Jahun, biyar saura na sauka ƙofar gida. Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da ni, na gode wa Malam Sabo da tuwonsa, da Alhaji Jauro da bai tayar da maganar san nan fiye da sau biyu ba.

Hajiya Ladi na tsakar gida tana tankaɗe. Na ba ta labari yadda ya kamata, wato na ce dabarata ce ta sa aka lura da Sale. Ba ta ɗago ba. Ashe an riga an yi mata waya. Ina zazzage aljihu sai gwangwanin nan ya faɗo, da sauran rini a gindinsa. Na shafa gemuna na ce, "Kin san kuwa, Hajiya, in na ɗan taɓa nawa, ba mai ba ni hamsin."

Ta ajiye rariya ta dube ni ta ce, "Malam, Sale da aka wanke shi an tarar da ƙwallo a ƙafarsa. Kai in ka rufe furfurar nan, da me za a gane kai babba ne?"