Maƙogwaron Kawu Tanko

Ku da kuka san Kawu Tanko na Williamsville, kun san ba ya gaishe ka sai ya danna maka yatsa a maƙogwaro. "Ce aaa!" Har mahauta na gudunsa a kasuwar Treichville.

Aikinsa koyar da mu malaman waƙa. Ni bege nake koya wa yaran Islamiyya, kuma wallahi suna ta zarewa ɗaya bayan ɗaya. Faransanci ya cinye bakinsu, kiɗan zuglu ya cinye kunnensu. Abin da ke hana Kawu sukuni ke nan: kada waƙar Hausa ta mutu a Abidjan yana kallo.

Maganinsa? Sai ya cusa mu cikin tasin woro-woro, duk abin da direba ya kunna, mu bi. Ran nan aka saki kiɗan rawa na kupe-dekale. Na ce, "Haba Kawu, da rawanina?"

"Rawanin ne zai rera? Buɗe baki, ɗan nema! In ba ka iya waƙar yaran ba, da wane ido za ka ce su koyi taka?"

Direba ya sauke mu tun kafin Adjamé Mairie.

Akwai Musyo Kwasi, mai koyar da mawaƙan coci. Kawu ya sa shi waƙar daka, har da taɓarya a hannu, mu kuma ya raba mu murya huɗu irin na coci. Maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Lafiya? Wa ya rasu?"

Da ciwon maƙogwaro ya kama shi, likita ya ce ya daina waƙa. Kawu ya fito yana tsaki. "Wannan da hanci yake magana, shi zai gaya mini?"

Amma muryar ta tafi, jama'a. Ta tafi ɗungurungum.

Zuwansa ajina na ƙarshe, yaran sun dawo har ba wurin zama, suna bege da Hausa a kan tafin zuglu. Wata yarinya ta kauce wa layin waƙar. Kawu ya ɗaga hannu, ya buɗe baki zai gyara mata. Iska kawai ta fito. Ya sake gwadawa. Sai ya juyo ya zungure ni da gwiwar hannu.

Na rera mata layin. Ta kama. Ya gyaɗa kai, ya laluba takalmansa ya fita, hawaye na bin gemunsa. Ni ma kukan nake, ban iya raka shi ba.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya mayar maka da muryarka a Aljanna.