Mama Rifkatu da Tulun Zumunta

Ina shanya a tsakar gida da hantsi, 'yata Alheri ta faɗo da waya a hannu, ko sallama babu. "Mama, shugaba ta tafi gida." Na zauna a bakin rijiya, jiƙaƙƙen zane yana ɗiga a ƙafata. Allah ya gafarta mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne: to yanzu wa zai yi mana faɗa?

Duk wanda ya yi sujada a majami'armu ta unguwar Television ya san Mama Rifkatu, shugabar zumuntar mata. Mace ce mai zafin rai, ba zan ɓoye ba don ta mutu, ita ma ba za ta yarda ba. Ki makara a koyon waƙa, tun daga ƙofa za ta wanke ki tas. Mata da yawa sun yi kuka a hannunta, wasu har sun bar zumunta. Bakinta bai iya "yi haƙuri" ba, sai dai da yamma ki ga kwanon gwate ya iso gidanki da zafinsa. Takan ce, "Na roƙi Ubangiji ya cire mini wannan zuciya, ya ƙi. Wataƙila yana da aiki da ita."

Ni na ga aikin da idona. Da masaƙar Kakuri ta sallami maigidana Yohanna, sai ya faɗa shan burukutu. Dattawan ikilisiya suka sa shi horo: zama a bencin baya, ba cin jibin Ubangiji. Ba wanda ya kai Mama yi masa tatas, har ragon banza ta kira shi a tsakiyar kasuwa. Yana cikin horon ya rasu. Dattawa suka yanke cewa zumunta ba za ta ɗaura zanenta ba, ba kuma za a buga tulun da muke kiɗan waƙa da shi ba. A wurinmu, gidan makokin da ba a ji tulun mata ba, an ce ke nan mamacin ba namu ba ne.

Muka jera kujeru a gidanmu na Kamazou, rabinsu wayam. Abokan aikinsa Musulmi ne daga Makera suka zo suka zauna da mu. Alheri, tana budurwa a lokacin, ta dubi kujerun ta ce, "Ni da coci har abada." Na san 'yata, ba ta magana biyu. Ga miji kwance, ga 'ya za ta suɓuce mini.

Sai muka ji tulu daga bakin layi. Mama Rifkatu ce ita kaɗai, ɗaure da zanen zumunta, gumi sharkaf, tana dukansa kamar za ta fasa. Wani dattijo ya biyo ta yana cewa, "Mama, ba a yarda ba fa!" Ta juyo. "Baba, kai ka mutu domin Yohanna? Wanda ya mutu dominsa bai hana ni ba. Kauce mini!" Ta ƙara da wasu kalmomin da ba su dace ba, ba zan maimaita su ba. Ta zauna kusa da gawar, ta ɗaga waƙa da dasasshiyar muryarta. Matan da ke leƙe daga gidajensu suka riƙa fitowa, kowace da zanenta a ɗaure. Ban taɓa jin tsoron Allah kamar ranar ba, domin bakin da ya zagi mijina shi Ubangiji ya zaɓa ya raka shi da waƙa.

Aka sa ta horo saboda zagin dattijo, ta ce ta cancanta. Ranar Lahadi ta zauna a bencin baya, daidai inda Yohanna yake zama. Ana cikin waƙar farko na waiga, sai ga Alheri ta shigo ta zauna kusa da ita. Mama ba ta ce mata sannu ba. Cewa ta yi, "Ke, gyara ɗankwalinki."

Jiya Alheri ce ta shimfiɗa zanen zumunta a kan akwatin Mama, ita ce kuma ta buga tulun har kabari.

Ya Ubangiji, ka san zafinta, ka kuwa yi aiki da shi. Ka yafe mata inda harshe ya wuce gona da iri, ka karɓe ta cikin jinƙanka saboda Yesu. Ka ta'azantar da 'ya'yanta da jikokinta, ka share musu hawaye. Mu da muka rage, ranar da aka bar wata da kujeru wayam, ka ba ɗayarmu zuciyar ɗaukar tulu. Amin.