Gawayin da Ko Shayi Ba Ya Dafawa

Wallahi har yanzu dariya nake!

Ɗazu a bodar Jibiya, muna dawowa daga Maraɗi, aka sauke mu don bincike. Wani malamin jami'a da ke motarmu ya rungume ƙaramin akwati kamar jariri. Duk mun ɗauka zinare ne. Jami'i na buɗewa, sai ga gutsattsarin gawayi, kowanne a ledarsa, har da lamba!

Wata tsohuwa mai sayar da gawayi a bakin hanya ta leƙo. Tausayi ya kama ta, ta damƙo nata da hannu biyu za ta ƙara masa.

Malam ya daka tsalle ya tare: "Inna, don Allah kar ki haɗa! Wahalar wata uku ce!"

"Haba ɗan nan, wannan ko shayi ba ya dafawa."

"Ba na girki ba ne, Inna. Daga ƙarƙashin ƙasa muka tono shi. In mun auna, zai gaya mana shekarunsa da irin itatuwan da ke nan tun kafin kakanninmu."

Ta dubi filin, ko inuwa babu. "To in jikokinka suka zo neman itacen kiryar garin nan, kada su wahala da tono. Ga shi nan cikin buhuna."

Muka kwashe da dariya, har jami'in. Sai da mota ta tashi na tuna ita ba ta yi dariya ba.

Jama'a, wace bishiya kuka taso kuna gani a garinku, yau babu ita?