Filin da Baba Zubair Ya Ce Marmara Ne

Shekara arba'in Baba Zubair na Kambaza ya yi yana haƙa rijiya tsakanin Gwandu da Kalgo. Zai ɗebi ƙasa ya murza, ya ɗanɗana, ya faɗa maka gaba nawa za a yi kafin a tarar da ruwa. Matarsa Kulu takan ce ƙasar da ya lasa ta isa a gina rumbu. Aibinsa ɗaya ne, in ya faɗi magana ba ya janyewa.

Da ya tsufa sai ya ba gari fili a gina makarantar bene, ya bi majalisa yana cika baki cewa ƙasar wurin marmara ce zalla. Mu 'yan unguwa mun san tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, har da hannunsa a cikewar. Amma wa zai yi musun ƙasa da Baba Zubair?

Sai zanen ginin ya faɗo hannun 'yarsa Maryam, injiniya a Kalgo. Ta zo da safe yana karin kumallo, ta ce tana son sanin irin ƙasar don ta lissafa yadda ginin zai jure girgizar ƙasa.

Ya yi dariya har ya ƙware. "Girgizar ƙasa a Gwandu? Ke ɗiyata, mi kika sha?"

"Ba mu gani ba, Baba, amma gini yana daɗewa fiye da mai shi."

Ta ɗora kwanon ɗumame da na koko a kan faifai, ta ɗan jijjiga. Ɗumame ko gezau, koko kuwa ya fantsamo masa a riga. Ta ce girgizar ɗaya ce, amma ƙasa mai tauri kan riƙe ta, mai laushi kan ninka ta.

"In ka ce marmara ce, lissafin marmara zan yi. Maganarka ta ishe ni. Jikokinka ukku ma a benen za su zamna."

Ya daɗe yana kallon kokon rigarsa.

Kafin azahar ya tara dattawan gari a filin, ya kafa dagi a tsakiya. Bai kai kamu biyu ba sai ga tsumma, sai ga tsohon kwanon sha. Ya miƙe ya fuskanci dattawan.

"Ku gahwarce ni, ba marmara ba ce. Ni na cike wurin ga. A bar yarinyar nan ta auna da injinta."

Wallahi ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Kulu ta ɗauki kwanon ta jujjuya. Nata ne, wanda Baba Zubair ya shekara ashirin yana cewa bai taɓa ɗauka ba.

"To Malam," in ji ta, "tunda yau ka hwara, sai ka ci gaba."